FASHIN BAƘI: Daga Sharjah zuwa Dajin Kogo, yadda kallon namun daji ya koma sai da biza

A watan Fabrairun 2022 mahukuntan Sharjah, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka buɗe wani katafaren gandun namun daji mai faɗin murabba'in kilomita 8 a tsakiyar hamada. Sun kasa shi sassa-sassa, kowane sashe an tsara shi ya yi kama da wani yanki na Afirka. Ɗaya daga cikin sassan sunansa Sahel. Ma'ana, ɗan Najeriya zai iya neman biza, ya sayi tikitin jirgi da dala, ya sauka a ƙasar Larabawa, ya biya kuɗin shiga, domin a zagaya da shi cikin mota ya ga kwaikwayon yankin da ya baro a gida.

Duk lokacin hutun makaranta ko na ƙarshen shekara, shafukan Instagram da TikTok kan cika da hotunan iyalan masu hali a irin waɗannan wurare: yaro yana miƙa wa raƙumin dawa ganye a Dubai, budurwa ta tsaya gaban gilashin zaki a Landan. Babu laifi a yawon buɗe ido, Bahaushe ma ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma akwai tambayar da ta kamata matashin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya yi: ƙananan hukumomin nan uku suna bakin ɗaya daga cikin manyan dazuzzukan Arewa maso Yamma, to me ya sa ganin naman daji ya zama gatan mai fasfo? Amsar ta wuce batun dabbobi. Ta shafi wanda ke mulkin daji.

Me ake zuwa gani a waje?

Al'adar tara dabbobin nesa domin kallo tsohuwa ce, kuma yankinmu na cikin masu aikawa tun da daɗewa. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya rubuta cewa a shekarar 1257 Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, jama'ar birnin suka yi dafifi domin kallonsa. A 1827 wani raƙumin dawan, wanda Muhammad Ali na Masar ya ba Sarkin Faransa, ya isa Paris bayan an tako da shi a ƙasa tun daga Marseille. Gidan namun daji mafi daɗewa da ke aiki har yau shi ne na birnin Vienna, wanda aka kafa a 1752. Na Landan ya biyo baya a 1828, na Giza a Masar kuma a 1891.

A wannan zamanin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun shiga gaba. Sheikh Zayed ya kafa gidan namun daji na Al Ain a 1968, Dubai ta buɗe nata gandun safari a 2017, Sharjah ta bi sahu. Qatar kuwa, ana gab da gasar cin kofin duniya ta 2022, ta karɓi dabbar panda guda biyu daga China, aka gina musu gida mai na'urar sanyaya ɗaki a Al Khor. Panda misali ce ta yadda dabba ke zama kadarar ƙasa: China ba ta sayar da ita, aro take bayarwa, kuma kuɗin aron ma'aurata guda kan kai kusan dala miliyan ɗaya a shekara. Ko an haifi ɗa a ƙasar waje, mallakin China ne.

Sai dai in aka cire irin su panda, akasarin abin da ke jan jama'a zuwa waɗannan gidaje dabbobin Afirka ne: zaki, giwa, karkanda, dorina, jakin dawa, jimina, damisa. Kuma tafiyar ta ƙara tsada. Kafin a saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Daular Larabawa ma ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza tun daga ƙarshen 2022 har zuwa tsakiyar 2024. Wanda yake iya kai 'ya'yansa kallon zaki a Dubai a yau yana cikin 'yan tsiraru ƙwarai.

Wane daji ne a bayan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa?

Idan aka dubi taswira, za a ga yammacin Jihar Katsina ya jingina da daji tun daga Jibiya har zuwa kudu. Daga arewa akwai Dajin Rugu, wanda ya ratsa yankunan Batsari, Safana da Ɗanmusa ya gangaro wajen Ƙanƙara. A yankin Faskari akwai Dajin Kogo. Sabuwa kuma ta yi iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, inda gandun dajin Kamuku yake, shi kuma Kamuku ya haɗe da Dajin Kuyambana na Jihar Zamfara, Kogin Mariga ne ya raba su. A takarda sunayensu daban-daban ne, jihohinsu daban-daban. A ƙasa kuwa kusan shimfiɗa ɗaya ce, dabba ko mutum na iya bin ta daga wannan jiha zuwa waccan ba tare da ya fito fili sosai ba.

Kamuku shi ne wanda aka fi rubuta bayaninsa, don haka shi ne madubin abin da yankin ya ƙunsa. Hukumar En'e ce ta keɓe shi a 1936, aka ɗaga darajarsa zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. A jerin dabbobin da aka tabbatar da su a cikinsa akwai giwa, gwanki, kanki, mazo, gada, mugun dawa, bika da jan biri, ga tsuntsaye sama da iri 170. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa da kuma Goron Dutse. Wato abin da ake sayen tikiti a gani a Sharjah, wani ɓangarensa yana kiwo a dajin da ke maƙwabtaka da Sabuwa a zamanin iyayen masu karanta wannan rubutu.

Harshe da al'ada ma shaida ne. Ba a banza Hausa ta bambanta gwanki da kanki, ta bambanta barewa da gada da mazo ba. Mutane ba sa raɗa wa abin da ba su sani ba suna. Sarautun Sarkin Dawa da Sarkin Baka, da dabarar maharbi ta ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa cikin ciyawa, da farautar rani da ake fita gari guda, duk sun taso ne daga zama kusa da daji mai rai. A yau yara na jin labarin kura da zaki a tatsuniya, amma da yawansu ba su taɓa ganin ko gada da idonsu ba.

Ina dabbobin suka tafi?

Ba rana ɗaya suka ɓace ba, kuma ba 'yan bindiga ne suka fara korar su ba. Dalilai sun taru sun yi wa daji taron dangi.

Na farko shi ne matsin ƙasa. Jama'a na ƙaruwa, gonaki na cin daji, gatari na bin itace domin girki da gawayi da katako. Kudancin Katsina yankin noma ne mai albarka, masara da dawa da auduga, kuma duk sabuwar gona ana yanko ta ne daga wani wuri. An riƙa yanka gandun daji da burtali ana rabawa, sau da dama da sa hannun masu iko. Wannan ya matse makiyayi, shi kuma ya ƙara kutsawa cikin daji da garkensa, inda shanu suka riƙa gogayya da namun daji a kan ciyawa da mashaya.

Na biyu shi ne sauyin farauta. Maharbin da ke da kwari da baka ko bindigar toka yana da iyaka, kuma yana ƙarƙashin ƙa'idojin sana'arsa. Mai bindigar zamani da babur da kasuwar da ke jiran nama a birni ba shi da wannan iyaka.

Na uku shi ne janyewar hukuma. A zamanin En'e akwai ma'aikatan gandun daji da ke zagaya iyaka, suna kama mai sare itace ba izini. Sannu a hankali ma'aikatan suka tsufa suka yi ritaya, ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, kuɗin aikin ya ƙafe, aka bar alamun iyaka suka ruɓe. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma gandun dajin jiha nauyin jiha ne, amma ba kasafai ake cin zaɓe da alƙawarin ɗaukar masu gadin daji ba.

Sakamakon a bayyane yake a ƙasa baki ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma na Najeriya ba su kai 50 ba, a wurare biyu kacal: Yankari da gandun Tafkin Kainji. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye a 2024, ta ce waɗanda suka rage a ƙasar tsakanin 300 ne zuwa 400. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa, ta yi wuyar gani a dajin Najeriya. Hatta ungulu, da a da ba a rasa ta a kowace mahauta, ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Mene ne haɗin wannan da matsalar tsaro?

A nan ne batun ya daina zama na masu sha'awar dabbobi kawai. Dajin da hukuma ta bari ba ya zama babu mai shi; wani ne zai gaje shi. Hanyoyin da ɓarayin katako da mafarautan sata suka buɗe su ne ɓarayin shanu suka bi, su ne kuma daga baya masu garkuwa da mutane suka mayar da su titunansu. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi takwas da gwamnatin Katsina ta daɗe tana kira na bakin daga, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume. Abin da ya haɗa su duka shi ne kusanci da daji.

Watan Disambar 2020 ya nuna wannan ƙarara. A daren 11 ga watan 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa. Bayan kwana shida aka sako su, gwamnan wancan lokaci Aminu Bello Masari ya ce su 344 ne. A cikin wannan watan dai gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da amincewa da kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, ƙari a kan bakwai da ake da su. A cikin jerin akwai Falgore a Kano, da fadamar Haɗeja a Jigawa, da Allawa a Neja, da kuma Dajin Kogo na Katsina, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 200. Ɗaya daga cikin dalilan da gwamnati ta bayar shi ne hana miyagu samun mafaka. Wato a wata guda, a yanki guda, daji ya haɗiye yara ɗaruruwa, gwamnati kuma ta amsa da bakinta cewa rashin kula da daji matsalar tsaro ce.

Shekara ta gaba, a ƙarshen Agustan 2021, dokar da Masari ya sanya wa hannu domin daƙile 'yan bindiga ta taƙaita zirga-zirga a hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma haramta wa manyan motoci ɗauko itace daga daji. Hana ɗaukar itacen ba don kishin bishiya aka yi shi ba. An gane cewa cinikin daji yana ciyar da waɗanda ke cikinsa. Kamuku kuwa, duk da matsayinsa na gandun ƙasa, hukumar da ke kula da shi ta dakatar da yawon buɗe ido a cikinsa saboda rashin tsaro, kamar yadda ta yi a gandun Tafkin Kainji da na yankin Tafkin Chadi. Wannan darasi ne ga Kogo: sauya wa daji suna a takarda ba ya korar kowa daga cikinsa.

To gidajen namun dajinmu na gida fa?

Wanda ba shi da halin zuwa waje, abin da ya rage masa shi ne gidan zu na gida. Mafi shahara ga mutanen Katsina shi ne na Kano, wanda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin mulkin Audu Baƙo, kuma yake ɗauke da sunansa. A Jos akwai gandun da Joseph Gomwalk ya kafa a 1972, a Maiduguri akwai na Sanda Kyarimi. Abin lura shi ne duk gine-ginen wancan zamani ne, lokacin da gwamnonin sababbin jihohi suke ganin gidan namun daji a matsayin wani ɓangare na ilimin jama'a, kamar ɗakin karatu ko gidan tarihi.

Cikar da gidan zu na Kano ke yi a ranakun sallah hujja ce cewa talaka ma yana son ganin dabba, ba sha'awar masu kuɗi kaɗai ba ce. Amma labarin da ya fi fitar da sunan gidan a duniya shi ne na 2019, lokacin da kusan naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga suka yi ɓatan dabo, aka yi ta yaɗa cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. An yi dariya an wuce, alhali tambayar da ke ƙarƙashin dariyar tana nan: nawa irin waɗannan gidaje ke tarawa, nawa ake kashewa a kan abinci da maganin dabbobin?

Akwai kuma tabon fasa-ƙwauri. A 2002 aka kai 'ya'yan goggon biri huɗu gidan zu na Taiping a Malesiya da takardun da suka ce an haife su a wani gidan zu a Najeriya. Bincike ya nuna daga daji aka kamo su. Bayan doguwar taƙaddama aka mayar da su Kamaru a 2007. Wannan na tuna wa mai yawon buɗe ido cewa dabbar da yake ɗaukar hoto da ita a waje tana da tarihin yadda ta isa can, kuma ba kullum tarihin yake da tsabta ba.

Shin gidajen zu na waje suna da wani amfani gare mu?

Suna da shi, kuma misali mafi ƙarfi daga Sahel yake. Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, a da tana yawo garke-garke a Nijar da Chadi. Farauta da fari da yaƙi suka gama da ita, har a shekarar 2000 aka ayyana cewa babu sauranta a daji ko'ina a duniya. Abin da ya cece ta shi ne waɗanda ke tsare a gidajen zu da gandayen masu kuɗi a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Hukumar muhalli ta Abu Dhabi ta tattaro iri daga wurare daban-daban, ta haɗa hannu da gwamnatin Chadi, a 2016 aka fara ɗauko su a jirgi ana sakin su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim. Suka hayayyafa a can. A Disambar 2023 aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

Amma akwai dabbar da ko nawa mutum ya kashe ba zai gan ta a gidan zu na waje ba. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da ya bazu daga Senegal har zuwa Arewacin Najeriya, ya rage a Nijar kaɗai, a yankin Kouré da ke gabas da Yamai. A 1996 guda 49 suka rage. An daɗe ana zaton akwai irinsa a gidajen zu na Turai, sai binciken ƙwayoyin halitta ya nuna waɗancan wani iri ne daban, na yankin Chadi da Kamaru. Da na Kouré sun ƙare, da shi ke nan. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka tallafa wa ƙauyukan da ke zaune tare da su, samarin yankin suka zama 'yan rakiyar baƙi suna samun na kansu. Adadin ya haura 600. A 2018 aka ɗauki takwas aka kai gandun Gadabedji a Jihar Maraɗi, maƙwabciyar Katsina, inda aka yi shekaru da dama ba a ga irinsu ba.

Kouré ta kuma nuna yadda abin yake da rauni. Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu da suka je kallon raƙuman. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan rakiya ya yanke. Darasin labaran biyu ɗaya ne: gidan zu na iya adana iri, jirgi na iya dawo da shi, amma sai akwai dajin da ke da mai tsaronsa za a sake shi a ciki.

Akwai inda aka ƙwato daji bayan ya faɗa hannun masu makami?

Akwai. Gandun Zakouma a Chadi yana da giwaye sama da 4,000 a farkon shekarun 2000. Mahaya dawaki ɗauke da bindigogi suka riƙa shigowa suna karkashe su saboda haure, har suka koma kimanin 450 a 2010. A shekarar ne gwamnati ta ba ƙungiyar African Parks amanar gudanar da gandun. Aka horar da masu gadi, aka biya su a kan kari, aka kuma raba na'urorin oba-oba a ƙauyukan kewaye domin su riƙa sanar da motsin baƙin fuska. Kisan ya kusan tsayawa cak, giwaye suka koma haihuwa, ƙauyukan ma suka sami sauƙin hare-hare. A Ruwanda, gandun Akagera da ya lalace bayan kisan kiyashin 1994 ya farfaɗo har aka dawo da zakuna a 2015 da karkanda a 2017. Ƙasar na karɓar har dala 1,500 daga baƙon da ke son ganin goggon birin tsauni, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta yana komawa ga al'ummomin da ke kewaye.

A gida ma akwai abin dubawa. A Yankari, haɗin gwiwar gwamnatin Bauchi da ƙungiyar WCS tun 2014 ya rage kashe giwaye ƙwarai. A Gashaka-Gumti, gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, gidauniyar ANI ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar gandayen daji a 2017, tana ɗaukar masu gadi daga ƙauyukan yankin.

Kada a yi saurin kwatanta waɗannan da Kogo ko Rugu kai tsaye. Mafarautan haure baƙi ne masu zuwa su tafi. 'Yan bindigar dazuzzukan Katsina da Zamfara a ciki suke zaune da iyalai da dukiya, kuma rikicin ya cakuɗe da ƙorafin makiyaya da manoma da ramuwar gayya. Mai gadin daji ba zai yi aikin soja ba. Amma abin da ya haɗa duk wuraren da aka yi nasara shi ne hukuma ta zauna a dajin dindindin, ba ta shiga ta yi luguden wuta ta fita ba, kuma mutanen gefen daji sun ga ribarsu a cikin zaman lafiyarsa.

Me ya kamata matasa su tambaya?

An ɗauki matakai a 'yan shekarun nan. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023. A Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun gadin daji masu ɗauke da makamai domin dazuzzukan ƙasar sama da 1,100. A shekarar 2025 kuma an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama na Katsina, kamar yadda aka taɓa yi a 2016 da 2019 ba tare da ya ɗore ba. Duk waɗannan suna magana ne a kan masu bindiga. Wanda ba a cika tattaunawa ba shi ne makomar dajin kansa idan ƙura ta lafa.

Ga tambayoyin da suka cancanci a yi wa ɗan majalisar jiha da na tarayya da shugaban ƙaramar hukuma, musamman da kakar zaɓe ke ƙaratowa. Ina aka kwana a batun miƙa Dajin Kogo ga hukumar gandayen daji ta ƙasa, kuma nawa aka ware masa a kasafin kuɗi? An shata iyakarsa, an kuma bayyana wa ƙauyukan kewaye abin da za su rasa da abin da za su samu? Masu gadin dajin da za a ɗauka, 'ya'yan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ne da suka san kowane rafi, ko kuwa sunaye ne daga Abuja? Su wane ne aka yanka wa filaye a cikin gandun daji da burtali, da izinin wa? Ina makiyayin da bai ɗauki makami ba zai yi kiwo idan aka killace daji? Kuma tun da dajin bai san iyakar jiha ba, wane tsari Katsina da Zamfara da Kaduna suke da shi na bai ɗaya?

Tambaya ta biyar tana da nauyi na musamman. Gandun da aka kafa ta hanyar korar talakawa ba tare da madadi ba yana haifar da sababbin abokan gaba, kuma yankin ya ga abin da ƙullatar juna ke jawowa.

Ba wanda ke cewa giwa za ta dawo Kogo baɗi. Amma dawowar ƙananan dabbobi irin su gada da mazo da zabin daji ba ta buƙatar jirgi daga Abu Dhabi. Tana buƙatar a daina harbi, a bar ciyawa da mashaya su huta na wasu shekaru. Dajin da malamin makaranta zai iya kai ɗalibansa su ga barewa su dawo lafiya, shi ne dajin da manomi zai iya noma a gefensa ba tare da ya biya kowa harajin girbi ba. Ma'auninsu ɗaya ne. Har zuwa lokacin da za a kai ga haka, ɗan mai hali zai ci gaba da ganin Sahel a Sharjah, ɗan talaka kuma zai jira ranar sallah a kai shi Kano.